Firizar Alhaji Garba: darajarta ta ragu ko ta ƙaru?

Daga zauren 'yan tireda na Gusau

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Jama'a ku raba ni da ɗan ƙanena Nura. Banki ya nemi takardar lissafin dukiyar shagona, na ce ya haɗa min tunda akanta ya karanta a Kaura Namoda. Firizar da na saya naira dubu 250 a 2022, sai ya rubuta ta dubu 100, wai darajarta ta ragu. Alhali makon jiya wani mai ƙanƙara ya taya min ita dubu 300 na ƙi sallamawa. Ni dai na ce wannan lissafin ba gaskiya ba ne.

Nura: Wa alaikumus salam. Baba, ku yi haƙuri in yi bayani. Takardar tana raba dukiyar shago gida biyu. Akwai mai shiga da fita: shinkafa, taliya, Maggi, madara, sabulu, da kuɗin da ke durowa, da bashin da kuke bin mutane. Akwai kuma zaunannun kadarori, waɗanda ba don sayarwa kuka saye su ba, sai don su yi wa shago aiki shekara da shekaru: gini, firiza, janareta, kantoci, sikeli, babur ɗin kai kaya. Su ana rubuta kuɗin da aka saye su, a raba shi kan shekarun da za su yi aiki. Na ba firizar shekara 5, wato dubu 50 duk shekara. Ta ci 3, saura dubu 100.

Hajiya Rabi: Nura, wannan lissafin ƙasar da kuɗinta ke zaune ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka. Ta yaya za ka ce wa mutum kayansa sun faɗi, kasuwa tana cewa sun hau? Ina bayan Alhaji.

Nura: Hajiya, naira ce ta faɗi. Firizar kuwa tsufa take yi kullum. Robar murfinta ta saki, da idona na ga Baba yana ɗora mata katan ɗin lemo don ta rufu.

Alhaji Garba: Duk da haka dubu 300 aka taya.

Sani Mai Tireda: Ranka ya daɗe, in ka sallama a dubu 300, nawa za ka sayi sabuwa irinta?

Alhaji Garba: Na tambaya, ta haura dubu 600.

Sani Mai Tireda: To a nan na ƙone, shi ya sa maganar ta dame ni. Shekara 4 ina da janareta, duk wata in ƙirga ciniki, in cire kuɗin sari da fetur da na yara, abin da ya rage in ce riba ce, in kai gida. Ban taɓa cire ko sisi da sunan janareta ba. Ranar da ya buga, cikin azumi ne, ga zafi, ga babu wutar NEPA. Da yamma na buɗe firiza na tarar da kifi katan biyu ya saki ruwa, yogot ya kumbura. Sai da na taɓa uwar kuɗi na sayi wani, kantocina suka yi wata uku rabi babu kaya. Ashe cikin abin da nake kira riba akwai naman janareta da nake ci kaɗan-kaɗan. Dubu 50 ɗin da Nura ke cirewa, ita ce wannan.

Hajiya Rabi: Allah ya mayar da alheri. Amma ka ƙarfafa maganata ne, Sani. Ko Alhaji ya ajiye dubu 50 sau biyar, dubu 250 ce, ba ta kai rabin sabuwa ba.

Nura: Wannan kam gaskiyarki ce, Hajiya, kuma raunin tsarin ke nan a lokacin tsada. Mai shago sai ya ware fiye da abin da littafi ya cire. Ƙa'idar akantoci ta duniya, IAS 16, ta yarda a sake yi wa kadara kuɗi daidai da kasuwa, amma ba a zaɓar guda ɗaya: duk 'yan ajinta za a yi wa tare, a kuma riƙa sabuntawa. An fi yin haka ga gini da fili. Shi fili ma galibi ba a rage masa daraja shekara-shekara.

Bashir: Ni haya nake a kasuwa. Shagon ya shiga kadarorina?

Nura: Ginin na mai shi ne. Kantoci da firizar da ka zuba da kuɗinka su ne naka.

Malam Isiyaku: Allah ya yi muku albarka. Rabon nan da Nura ya yi, malaman fiƙihu sun daɗe da yin irinsa a babin zakka. Ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, idan shekara ta zagayo, yana yi wa hajarsa kuɗi da farashin ranar, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran samu, in sun kai nisabi ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Firiza da sikeli da kanta ba su shiga, domin kayan aiki ne. Na sha ganin mai haɗa su ya fitar da abin da bai hau kansa ba, da kuma mai fakewa da su ya rage haja. Mai shakka ya je Hukumar Zakka da Waƙafi a nan Gusau.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma banki fa? In suka ga dubu 100 za su raina shagon.

Nura: Baba, in na rubuta dubu 300 za su nemi rasit, rasit kuma 250 ya ce. Zan bar dubu 100 a layinta, in rubuta a ƙasa cewa ana taya ta 300, sabuwa kuma ta haura 600.

Hajiya Rabi: Ni har yanzu ban gamsu a ce adadin gaskiya ne zai koma ƙasan takarda ba.

Alhaji Garba: Ni ma haka. Nura, ka zo bayan la'asar, rasit ɗin janareta da na sola suna cikin durowa, mu ga yadda za ka yi da su.