Me za mu kira whistleblower da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni mu tsayar da magana ɗaya. Tun Disamban 2016 da ma'aikatar kuɗi ta tarayyar Najeriya, lokacin minista Kemi Adeosun, ta fito da tsarin ba da tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin sata da aka ƙwato, kowace kafa da sunan da take kiran mutumin da ya kai labarin.

2/ "Mai busa usur" dai, wato fassarar kalmar kai tsaye daga Turanci, a bar shi a filin ƙwallo, alƙalin wasa ke nan.

3/ "Mai tona asiri" ne ya fi yawo, kuma shi na fi ƙi. Mu mutane ne da kullum addu'armu "Allah ya rufa asiri". Ka hau rediyo kana wayar da kan jama'a, kana cewa su fito su tona asiri, to ka gama kashe maganar da bakinka. Akawun da ya ga an karkatar da kuɗin maganin asibiti zai ji kamar ana so ya zama mai yi wa ɗan'uwansa tonon silili. Shiru zai yi, ya ce ba da shi ba.

4/ "Mai tsegumi" ma warin gulma yake, ko da yake kalmar "tsegunta" na da amfani: "an tsegunta wa EFCC". Haka aka yi a Afrilun 2017, da aka samu sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi ta Legas.

5/ Ni dai na tsaya kan "mai kwarmato". Idan ɓarawo ya haura katanga cikin dare maƙwabci ya kwarma ihu, ba mai ce masa munafuki, godiya ake masa da safe. Wannan martabar nake so sunan ya ɗauko.

6/ Na san za a ce kwarmato da ƙara yake, alhali yawancinsu a ɓoye suke kai bayani ga hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC, don gudun kora daga aiki. Gaskiya ne. Sai a ce "mai kwarmato a asirce" inda ake bukata. Jam'i: masu kwarmato. Dokar da ake ta nema a majalisa kuma: dokar kare masu kwarmato.

7/ 'Yan'uwa na Nijar, idan ana batun masu kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasarku bayani, me gidajen rediyon Maraɗi da Damagaram ke cewa?