Neman shawara: ta ina zan fara kallon tsofaffin fina-finan nan?

Ɗan Editin:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawarar manya nake nema. Ina koyon aikin editin a wani ɗan shago a nan Kano, yawanci bidiyon biki da waƙoƙi muke haɗawa, jefi-jefi a kawo mana fim mai dogon zango. Burina in zama darakta. Maigidana ya ce matuƙar ban zauna na kalli tsofaffin fina-finan Amurka na lokacin da silima ke tashe ba, wato daga wajejen 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1950, to riƙe kyamara kawai zan iya, ba da labari da ita kuwa sai dai in gani a wurin wasu. Ya ce in fara da Citizen Kane, wai shi ne sarkinsu. Na samo na kunna, ban kai rabi ba barci ya kwashe ni. Turancin ga sauri, hoton ba kala, kuma ban ga abin da ake ta yabo ba.

To ta ina zan fara? Turancina na makaranta ne, ba wani mai ƙarfi ba. Ina ake samunsu ba tare da data ta cinye ni ba? Sannan a falo muke kallo tare da Umma da ƙannena, ba na son abin da zai sa in rasa inda zan sa kaina.

Malam Mai Majigi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maigidanka gaskiya ya faɗa, sai dai ya aza maka buhu tun kafin ka iya ɗaukar mudu. Citizen Kane ya fito a 1941, Orson Welles yana ɗan shekara 25 ya yi shi, kuma yabon da ake masa yawanci na ma'aikatan fim ne. Akwai wurin da uwa ke sa hannu a takardar ba da ɗanta a cikin ɗaki, yaron kuma yana can waje ta taga yana wasa cikin dusar ƙanƙara, bai san ana yanke masa rayuwa ba. Na kusa da na nesa duk suna fitowa tar a hoto ɗaya, ba a yanka ba. Aikin mai ɗaukar hoto Gregg Toland ke nan. Wanda bai ga yadda ake yi kafin nan ba, ba zai ga abin mamaki a ciki ba.

Ka fara da Charlie Chaplin. The Kid na 1921, City Lights na 1931, Modern Times na 1936. Ba ka buƙatar Turanci ko kaɗan. Sauti ya shigo fim tun 1927 da The Jazz Singer, amma Chaplin ya ƙi sa 'yan wasansa su yi magana har tsawon shekaru bayan haka. A City Lights yana da matsala: ta yaya makauniya mai sayar da fure za ta ɗauki matsiyaci a matsayin attajiri, alhali ba a magana? Sai ya sa matsiyacin ya ratsa ta cikin wata tsadaddiyar mota da ke tsaye don ya kauce wa ɗan sanda, ya fito ya rufe ƙofa. Ƙarar ƙofar da ta ji ita ta gaya mata ƙarya. Sau ɗaruruwa ya maimaita ɗaukar wurin nan kafin ya gamsu. Wannan shi maigidanka ke nufi da ba da labari da kyamara.

Mu da muka yi zamanin Plaza da Palace da El Dorado, silima ba rufi, kana kallo kana ganin taurari, mafi yawanmu ba ma jin Turanci balle Indiyanci. Amma washegari a bakin kasuwa mutum zai ba ka labarin fim tun daga farko har ƙarshe bai kuskure ba. A lokacin fa in aka ce wane ɗan silima ne, ba yabo ba ne.

Maman Iman:
Ƙanina, kan batun kallo da Umma. Daga 1934 kamfanonin fim na Amurka suka fara aiki da wata doka da suka kafa wa kansu, ana kiranta da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin, don gudun kada gwamnati da malaman coci su shigo musu. Akwai ofis ƙarƙashin wani Joseph Breen da ke karanta rubutun labari tun kafin a ɗauka. Ba tsiraici, ba ashar, mai laifi kuma ba ya gamawa lafiya. Sai a 1968 aka yi watsi da ita. Saboda haka sun fi na yanzu kamun kai nesa ba kusa ba. Amma kada in ruɗe ka, akwai sumbata, akwai giya, sigari kuwa kamar da ita ake biyansu. Ka riƙa fara dubawa kai kaɗai.

Abin da ke burge ni shi ne yadda takurawar ta sa suka yi dabara. A It Happened One Night na 1934, saurayi da budurwa sun ƙare a ɗaki ɗaya a hanya, sai ya ɗaura igiya ya rataya bargo a tsakanin gadajensu. Bargon nan ya zama rabin labarin, kowa na jiran ranar da zai faɗi. Ku da ke aiki inda namiji ba ya taɓa mace a fim, kuma ga Hukumar Tace Fina-finai, ai darasi ne a gare ku. Wanda za ku kalla da kowa hankali kwance shi ne 12 Angry Men.

Na Titin Zoo:
Maman Iman ta riga ni. Ƙanina, ni sana'ata ke nan, kuma in ka bi tawa, 12 Angry Men na 1957 za ka mayar littafin karatunka. Mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya, ana zafi, fanka ta ƙi aiki, suna gardama kan ko wani yaro ya kashe ubansa. Kusan duk fim ɗin bai fita daga ɗakin ba, amma ba ka gajiya. Darakta Sidney Lumet ya fara da kyamara sama da idon mutum, ɗakin na da faɗi. Yana tafiya yana sauko da ita, yana canza gilashin kyamarar zuwa mai matso da abu, har bango ya zama kamar yana matse su, rufin ɗaki ya fara bayyana a kansu. Mai kallo bai san abin da aka yi masa ba, kawai ji yake numfashinsa na ƙuntata.

Cutar da ke damun mu a masana'antar nan ita ce a zaunar da mutum biyu kan kujera a falo su ba da labarin duka da baki, kyamara na kafe kamar an dasa ta. In ka yi magana a ce ba kuɗi. Kuɗin me? Darakta Alfred Hitchcock ya yi Rear Window a 1954 da mutumin da ƙafarsa ta karye yana zaune yana leƙen maƙwabta ta taga. A nuna fuskarsa, a nuna abin da yake gani, a dawo kan fuskarsa. Kai da kake editin, nan ne makarantarka. Gaskiya an kashe kuɗi wajen gina unguwar a cikin situdiyo, amma dabarar yankan kyauta ce.

Kuma kada ka tsaya Amurka kaɗai. Nemi Bicycle Thieves na Italiya, 1948, na Vittorio De Sica. Magidanci ya samu aikin liƙa fasta a Rum bayan yaƙi, sharaɗin sai da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka fanso kekensa da ke jingine, ranar farko aka sace. Shi da ɗansa suka shiga gari nema. Jarumin ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan fim ba, kuma a titi aka ɗauka. Cire keke ka sa babur ɗin haya, ka gaya min ko labarin bai zauna a Kurna ko Brigade ba.

Yadda za ka yi: kallon farko don daɗi. Na biyu ka kashe sauti, ka riƙe biro, duk inda aka yanka ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa a nan.

Anti Zazzau:
Duk na yarda, amma wani ya gaya wa yaron nan ɗaya ɓangaren. Zamanin da ake kira na zinare ba kowa ya ga zinaren ba. Gone with the Wind na 1939, kusan awa huɗu, an ƙawata shi iya ƙawatawa, amma yana nuna bayi baƙar fata kamar suna jin daɗin bauta. Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, da shi ta ci, amma ba a bar ta ta halarci bikin fara nuna shi a Atlanta ba, ranar karɓar kyautar ma a wani teburi daban aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta. Casablanca na 1942 a Maroko aka ce labarin yake, alhali a situdiyon kamfanin Warner a Kalifoniya aka ɗauka, 'yan ƙasar kuwa sai dai ka hango su a kasuwa. Fim ne mai kyau, ina son sa, amma haka yake. Har mu ba mu tsira ba: Sanders of the River, fim ɗin Ingila na 1935, a Najeriya aka ajiye labarinsa, ana kambama Baturen mulki. Paul Robeson, baƙar fatan Amurka da ya fito a ciki, daga baya ya barranta da shi.

Su kansu taurarin kwangilar shekara bakwai ake ɗaure su da ita, kamfani ke zaɓa musu fim, wanda ya ƙi a dakatar da shi a ƙara masa wa'adi. Sai da jaruma Olivia de Havilland ta kai Warner kotu ta yi nasara a 1944. Ka koyi aikin hannunsu, idonka a buɗe.

Baban Ummi:
Ni fa ban gane wannan Amurka-Amurkar ba. Wa ya raine mu in ba Indiya ba? Soyayyar mutum uku, auren dole, rawa da waƙa, daga ina muka ɗauko? Su ma shekarun 1950 ne lokacinsu. Awaara na Raj Kapoor 1951, Mother India 1957 da Nargis, wanda har ya shiga takarar Oscar, Mughal-e-Azam 1960 da Dilip Kumar da Madhubala. Tambayi Umma, wataƙila ta fi ka sanin su. In haske da inuwa kake so ka koya, kalli Pyaasa na Guru Dutt, 1957, ka ga yadda ake ɗaukar waƙa ta ci gaba da labari, ba a tsaya ana juyi a lambu ba.

Na Titin Zoo:
Alhaji, Pyaasa kam ba gardama. Amma su ma ɗin kallon na waje suka yi. Bimal Roy ya yi Do Bigha Zamin a 1953 ne bayan ya ga fim ɗin keken nan da na ambata. Mu rawar muka kwaso muka bar aikin kyamarar.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ba wanda ya ambaci kaboyi! Nan wajenmu sun shiga jinin samari har Moustapha Alassane ya yi fim a kansu a 1966, Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka addabi ƙauye. Ka nemi High Noon na 1952. Minti kusan 85 ne, kuma lokacin labarin kusan daidai yake da lokacin kallo, ana ta nuna agogo ana jiran jirgin ƙasan sha biyun rana. Magana kaɗan ce a ciki. Masar ma na da nata, kamar Bab al-Hadid na Youssef Chahine, 1958, sai dai wannan ba na falo ba ne.

Injiniya:
Batun samu. A dokar Amurka fim in ya cika shekara 95 ya zama na kowa, don haka The Kid da The Gold Rush na Chaplin da The General na Buster Keaton suna nan kyauta a shafin Internet Archive da YouTube, ba sata ba ce. Sauke su da datar dare, 480p ya ishe ka a waya. Abu biyu ka kiyaye. Ka guji waɗanda aka shafa wa kala da kwamfuta, domin hasken don baƙi da fari aka tsara shi. Sannan hoton wancan zamanin kusan murabba'i ne, mai faɗin nan sai 1953 ya fara yaɗuwa da fasahar CinemaScope. In ka ga fim ɗin 1940 ya cika allon talabijin ɗinka daga gefe zuwa gefe, to an ja shi ne ko an datse sama da ƙasa, nemi wani.

Ɗan Editin:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Na sauke The Kid, daren nan za mu kalla. Umma ta ce in ba a sa Mother India a layi ba kada ma a kira ta. Anti Maman Iman, shi 12 Angry Men ɗin tunda duk magana ce, zan iya bin Turancin kuwa?

Maman Iman:
Za ka iya, kunna rubutun Turanci na ƙasan hoto. Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara shi ne tsarin shari'arsu, tunda mu ba haka muke yi ba. Can alƙali ba shi ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba a irin wannan ƙara. Mutanen gari goma sha biyu ake zaɓowa su saurari shaidu, a rufe su a ɗaki, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. A fim ɗin, in suka ce ya aikata, hukuncin kisa ne a kan yaron. Ba a ce sai sun tabbatar bai yi ba, in dai akwai shakka mai ma'ana to ba a kama shi. A ƙuri'ar farko sha ɗaya suka ce ya aikata, jarumin fim ɗin Henry Fonda kaɗai ya ce a tsaya a tattauna. Ba a kiran su da suna, sai da lamba, don haka ka zana teburin a takarda ka rubuta lambar kowa a mazauninsa.