Tiyon lagireto da na sitiyari ba su zo daidai ba bayan canjin inji

Ɗan_Gareji:
Assalamu alaikum, masana. Mota ce aka sa wa injin wani kamfani, amma lagireto da rak ɗin sitiyari (sandar da ke juya tayoyin gaba) na asali ne. Bakin ruwa na inji milimita 38 ne sama da ƙasa, na lagireto kuma 32. A ɓangaren sitiyari, notin tiyon da ya taso daga rak yana shiga famfon sabon injin zagaye biyu sai ya cije. An ce a yanke tiyon tsohon inji da na sabo a haɗa su da guntun bututu da kilif. Zai riƙe? Kuma ragowar tiyon hita zai yi a layin da man sitiyari ke komawa tankinsa?

Mai_Sifana:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka raba maganar biyu, don ruwa da man sitiyari ba ƙarfinsu ɗaya ba. Murfin lagireto yakan saki ruwa idan matsi ya kai wajen bar 1, wato 13 zuwa 16 a ma'aunin matsi na psi. Layin da ke fita daga famfon sitiyari kuwa yana kaiwa psi 1,000 zuwa 1,500 idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Babu kilif ɗin da zai riƙe wannan. Ranar da ya ƙwace, sitiyari zai yi tauri nan take, man kuma ya fesu a kan salansa mai zafi, wuta na iya tashi.

Notin da ke cijewa, kada ka tilasta shi. Alama ce zaren bai zo ɗaya ba. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne zare mai lamba M16x1.5 da mai lamba 5/8-18: kaurinsu kusan ɗaya, milimita 16 da 15.9, amma tazarar zaren milimita 1.5 ce da 1.41, shi ya sa yake fara shiga lafiya sannan ya tsaya. Ka ƙara masa sifana, ka cinye zaren famfo. Kuma ko da ya shiga ba zai toshe ba, domin ba zaren ke tare mai ba. Wani da zoben roba yake toshewa, wani da buɗaɗɗen bakin bututu da ke zama a kan kujerarsa, wani da washa biyu na jan ƙarfe. Saboda haka farin tef ɗin masu famfo ba shi da aiki a nan, gutsattsarinsa ma bawul yake toshewa.

Ka ɗauki kan ƙarfen da ya dace da famfo da wanda ya dace da rak ka kai wa masu haɗa tiyon haidurolik, su matse maka su da inji a kan sabon tiyon sitiyari. Kafin ka tafi, gwada tsawon da waya mai lanƙwasuwa, ka sa alamar inda kowane kai ke fuskanta. Bayan an matse, kan ba ya juyawa, tiyon da aka murɗe kuma ba ya daɗewa.

Tiyon hita kam a'a. Robar EPDM ce, mai yana kumbura ta ta yi laushi. Ka nemi tiyon komawar mai, galibi milimita 10, shi kilif ya ishe shi.

Oga_Lagireto:
Batun ruwa ya fi sauƙi, amma milimita 6 tazara ce babba. Tiyo yakan ba da milimita 1 ko 2 idan aka jiƙa bakinsa a ruwan zafi. Daga 32 zuwa 38 kuwa zaren cikinsa ne zai tsinke, ya kumbura daga baya. Akasin haka ma bai yi ba: ka matse tiyon 38 a kan bakin 32, robar ta tattare a ƙarƙashin kilif, ruwa ya bi ta nan. Idan bakin lagireton na leda ne, yawan matsi sai ya tsaga shi.

Ka samo mahaɗin alminiyom mai baki biyu, 38 a gefe ɗaya, 32 a ɗayan, mai ɗan tudu a kowane baki. Tudun nan shi ne komai, bututu mai santsi zamewa yake idan ruwa ya yi zafi. Tiyo ya shiga aƙalla milimita 25, kilif ya zauna bayan tudun, ba a kansa ba. Ka sa mahaɗin a miƙaƙƙen wuri, kusa da lagireto. Na fi son kilif mai sifirin a nan, don yana bin robar idan ta saki.

Ka kula da tiyon ƙasa. Ta nan famfon ruwa ke zuƙa, idan ya yi tsawo ko laushi sai ya shafe lokacin da inji ke gudu, mota ta riƙa zafi a babban titi alhali a tsaye lafiya lau. Ka sa mai waya a ciki. Ka kuma bar ɗan sassauci, inji yana motsi a kan kujerunsa, lagireto ba ya motsi.

Injiniya_Sule77:
Oga ya gama magana, sai dai Malam Mai_Sifana ya tsallake tiyo na uku, wanda ke kai mai daga tanki zuwa famfo. Ya fi na komawa kauri, sau da yawa milimita 16. Shi kada a rage masa faɗi ko kaɗan. Famfo ya rasa mai sai ya zuƙi iska, ya riƙa kuka, man ya yi kumfa. Tankin kuma ya kasance sama da famfo.

Bayan an haɗa, don fitar da iska, ɗaga gaban motar a jak, inji a kashe, cika tankin man sitiyari, murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 kana ƙara mai. Sai ka tayar. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5.

Ɗan_Gareji:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Tiyon silikon mai baki biyu fa, ba zai maye gurbin mahaɗin alminiyom ba?

Oga_Lagireto:
Zai yi a layin ruwa. Amma kilif mai ramuka yana yanka silikon, sai mai santsin ciki, kuma ka sake matse shi bayan inji ya yi zafi ya huce. Ruwa yakan ɗan ragu a hankali ta jikinsa, ka riƙa duba tankin ruwa. Kada ka kai shi layin mai. Wajen zuba ruwa, buɗe hita har ƙarshe, ka bar inji yana aiki sai tiyon sama ya yi zafi fanka ta tashi. Idan ya huce ka ƙara ruwa, ka shafa ƙarƙashin kowane kilif da busasshen tsumma.