Masu ma'aikata, ya kuke riƙe yaranku a wannan tsadar?

Tela daga Fagge:
Assalamu alaikum. Shagon ɗinki gare ni a Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ke cinye abin da nake ba yara. Ciniki ya ja baya, ƙarin albashi ba hali, jikinsu duk ya yi sanyi. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Hajiya Mai Biredi:
Wa alaikumus salam. Da fulawa da sukari suka tashi, sai na tara ma'aikatana na buɗe musu littafin ciniki, kowa ya ga abin da ke shiga da abin da ke fita. Tsegumin "Hajiya na ci ita kaɗai" ya mutu a ranar. Na kuma sa ana ɗora tukunya da rana, ko da shinkafa da wake ne, kuma kowa na tafiya gida da biredi. Mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azin haƙuri.

Ma'aikaci a Sharaɗa:
Ni daga ɓangaren masu karɓar albashi nake. A Afrilun 2024, da aka kai kuɗin wuta na Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, kamfaninmu ya rage kwanakin aiki. Abin da ya fi ci mana rai shi ne shiru: ba wanda ya ce mana uffan, sai raɗe-raɗin sallama muke ji a bakin masu gadi. Ƙwararru suka fara zamewa. Da manaja ya fito ya yi bayani, aka sa motar ɗaukar ma'aikata, albashi ya daina wuce ƙarshen wata, hankali ya kwanta. Hajiya, ki yi haƙuri, amma tukunya ba ta biyan kuɗin haya. Naira 70,000 ɗin da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024, a lokacin ko buhun shinkafa ba ta saya.

Abu Maraɗi:
Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, kaya suka daina shigowa daga Katsina. Na bar yaran shago su kasa nasu kayan a gefe, ribar tasu ce. Ba wanda ya tafi.

Hajiya Mai Biredi:
Gaskiyarka kan batun haya, ɗana na Sharaɗa. Shi ya sa nake ba da rance ba ruwa idan haya ta zo, ana cirewa kaɗan-kaɗan. Malam Tela, su yaranka albashin wata kake ba su, ko kowace riga da kuɗinta?