Me za mu kira feftaid ɗin da ke hana integirin aiki?

Dakta Bashir, Jidda: Assalamu alaikum. A asibitocin nan "musabbiɗ" ake cewa da Larabci, mai hanawa ke nan. Da Hausa kuwa kalmar ta yi faɗi. Integirin furotin ne a fatar ƙwayar halitta da ke taimaka mata wajen mannewa, mai ɓangare biyu, alfa da beta, iri 24 a jikin mutum. Na ƙwayoyin daskarar da jini, αIIbβ3, shi ke cafke fibirinojin, furotin ɗin jini da ke haɗa su su dunƙule. Feftaid, wato gajeriyar sarƙar amino asid, mai jerin RGD (ajinin, gilaisin, asfatet) yakan zauna a ramin da fibirinojin zai shiga, asfatet ɗinsa ya riƙe maganisiyom. Shawarata, a ce masa "toshiya".

Hajiya Rabi, Madina: Wa alaikumus salam, Dakta. Toshiya tana kai hankali ga toshiyar baki. "Matoshi" ya fi, kuma ya dace da eptifibatide, maganin hana daskarewar jini mai amino asid 7 a zobe, wanda aka tsara daga dafin wani macijin Amurka, aka amince da shi a 1998. Zoben nan dole ne: feftaid miƙaƙƙe, enzayim na jini kan daddatsa shi cikin mintuna.

Malam Sani, Riyad: Hajiya, matoshi rabin zancen ne. Integirin a lanƙwashe yake zama, sai wani furotin mai suna talin ya kama wutsiyar beta daga cikin ƙwaya sannan ya miƙe ya fara aiki. Matoshi ba ya hana miƙewar nan. Wani matoshin ma da kansa yake buɗe kan furotin ɗin, in ya fice ya bar shi a shirye ya kama fibirinojin. Ana danganta faɗuwar magungunan wannan rukuni da ake sha ta baki da hakan, har mace-mace suka ƙaru a gwaji. Wanda ke shiga tsakanin talin da wutsiya, "dabaibayi" ya dace da shi, don tashi yake hanawa.

Hajiya Rabi: Na amince, Malam. Sai dai dabaibayi yana da wuyar kaiwa wurin aiki, tunda sai ya ratsa fatar ƙwaya. Don ya ratsa, akan liƙa masa kitsen miristik ko jerin TAT, wani feftaid mai shiga ƙwaya, kuma kitsen kaɗai yana iya rikita sakamako.

Dakta Bashir: To, mu rubuta biyun: matoshin integirin, dabaibayin integirin. Mai gwada matoshi ya haɗa da RGE a gefe, wato jerin da ya yi kama da RGD amma bai dace da ramin ba. In shi ma ya hana mannewa, aikin ba na ramin ba ne, a duba yawan maganin ko gubarsa.