Wane suna za mu ba maître d'ouvrage da maître d'œuvre da Hausa?

Jama'ar Garwa da Marwa, ina neman taimako. Duk allon da aka kafa a bakin shantiye, wato wurin aikin gini, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, yana ɗauke da sunaye biyu na Faransanci masu kama da juna, maître d'ouvrage da maître d'œuvre, kuma idan muka juya zuwa Hausa sai mu haɗe su da ɗan kwangila mu ce "masu aikin", alhali mutum uku ne, kowa da nauyinsa.

Na farko, maître d'ouvrage, shi ne wanda ya ba da aikin, kuɗin daga wurinsa suke fitowa, ginin kuma hannunsa zai koma. A dokar kwangilolin gwamnatin Kamaru ta 20 ga Yuni 2018, minista ko magajin gari na iya riƙe wannan matsayi, gwamna da ferefe (shugaban gunduma) kuwa wakilci suke yi. Na fara da "mai aiki", amma na janye, domin lebura mai ɗaukar siminti shi ma mai aiki ne.

Wani dattijo daga Marwa ya rubuto cewa: "Ɗana, me ya hana ka ce uban gayya? Shi ke kiran mutane, shi ke ciyar da su, gonar kuma tasa ce." Baffa, maganarka ta shige ni ƙwarai, sai dai gayya ba a biyan lada, nan kuwa komai da farashi da wa'adi da tarar jinkiri. Na ɗauki rabin shawararka, na ce uban aiki, wanda ke tsaya masa kuma wakilin uban aiki.

Na biyun, maître d'œuvre, ya fi wuya. Injiniya ne ko mai zanen gini, ko ofishinsu, wanda uban aiki ya ɗauka domin ya tsara, ya bi aikin mataki-mataki, ya duba ƙarfe kafin a zuba kankare, ya auna abin da aka yi kafin a biya ɗan kwangila. Ba ya aza bulo ko ɗaya. Wata 'yar'uwa ta kawo "mai sa ido", amma sa ido ɓangare ɗaya ne na aikinsa, ga shi kuma a bakin mutanenmu ɗan sa ido ba yabo ba ne. An ambaci "sarkin magina", wanda ban karɓa ba, saboda sarkin magina da hannunsa a cikin laka, ya fi dacewa da shef shantiye, shugaban ma'aikata a wurin gini, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira helma.

Abin da ya kwanta mini shi ne gwanin aiki, kuma ba daga sama na ɗauko shi ba: Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, Babban Gwani aka laƙaba masa.

Na gwada su a jimla ɗaya domin in ji ko za su zauna a baki: uban aiki yana riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila bayan karɓar wucin gadi, wato karɓar farko da ake wa gini da zarar an gama shi, har sai wa'adin garanti ya cika, galibi shekara guda, gwanin aiki ya shaida cewa bango bai tsage ba, rufi bai yoyo. Mutanen Kusiri da Njamena, ku faɗa mana ko haka za a fahimce su a wajenku.