Da kuka hau Windows 11, me kuka gyara kafin hannu ya saba?

Mai shagon buga takardu, Zariya

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shagon buga takardu da fotokwafi a bakin wata makaranta a nan Zariya, kwamfuta huɗu, yara biyu. Da wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, aka daina turo mata gyaran tsaro na kyauta, sai na ga zama a kanta ba dabara ba ce ga wanda yake karɓar filash ɗin mutane daga safe har dare. Kwamfuta biyu suka hau Windows 11, biyun kuma tsufa ya hana su.

Abin da na gani a makon farko shi ya sa na kawo maganar nan. Idona ya gane sabon wurin komai tun ranar farko, amma hannuna bai gane ba. Maɓallin Start da sauran alamomin layin ƙasa sun koma tsakiya, ni kuwa tun zamanin Windows XP kusurwar hagu hannuna ya sani. Ɗalibi na tsaye a kaina yana jiran aikinsa, in ja linzami can kusurwa in danna, sai allon yanayin gari da labarai ya buɗe, domin shi ne yanzu a wurin. Sai da wani abokina ya nuna min: ka danna dama a kan layin, ka shiga saitinsa, ka gangara inda ake zaɓar tsayuwar alamomi, ka mayar da su hagu. Ko minti ɗaya ban yi ba. Allon labaran ma a wuri guda na kashe shi.

To ku fa? Wanda ya yi wannan ƙaura, me ya tarar, me ya gyara, me kuma ya ga ya fi na da? So nake in tattara in koya wa yarana.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Kano

Wa alaikumus salam. Baba, abin da ya same ka yana da bayani, kuma mun karanta shi a aji. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta ne da nisan abin da kuma girmansa. Abu ƙarami mai nisa yana cin lokaci, babba na kusa ba ya ci. To kusurwar allo wuri ne na musamman: komai ƙarfin da ka ja linzami, kibiyar ba ta wucewa, can za ta tsaya. Wato ba sai ka auna ba, ba sai ka duba ba ma. Tun 1995 da Windows 95 ta zo da maɓallin Start a wajen kusurwa aka ajiye shi, shi ya sa kuma kwamfutocin Mac suke liƙa jerin umarninsu a can saman allo tun 1984.

Idan alamomin suna tsakiya, akwai wani abu kuma. Duk manhajar da ka buɗe wadda ba ta cikin layin, sai layin ya faɗaɗa, Start ya ɗan matsa gefe. Hannu ba ya iya haddace abin da ba ya zama wuri ɗaya. Ni a ganina wannan ne asalin abin da ya wahalar da kai, ba wai tsakiyar kanta ba.

Sakatariya, Kaduna

Ni layin ƙasa bai dame ni ba, danna dama ne ya ɗauke ni lokaci. Aikina kullum kwafe fayil, sauya masa suna, tura shi folda kaza. A Windows 10 ina danna dama sai in ga kalmomin a jere in zaɓa. A sabuwar, yanke da kwafa da sauya suna da gogewa duk sun zama ƙananan alamomi a layi ɗaya, babu rubutu. Almakashi na gane shi, kwandon shara na gane shi, amma na sauya suna sai na tsaya na ɗora kibiya na jira rubutu ya fito. Sauran umarnin kuma suna can ƙasa, sai an sake dannawa sau ɗaya kafin tsohon jerin ya bayyana.

Abu biyu suka warware min. Na farko, idan ka riƙe Shift sannan ka danna dama, tsohon jerin zai fito kai tsaye. Na biyu, sabuntawar 24H2 ta ƙarshen 2024 ta sa rubutu a jikin alamomin nan. Ranar da na gan shi wallahi na ji daɗi, domin alama ba rubutu mai ita kaɗai take yi wa magana. Sabuwar yarinyar da aka kawo ofishinmu ba ta taɓa tambayata wanne ne na kwafa ba, karantawa kawai take yi.

Kuma gaskiya akwai abin da ba zan so in rabu da shi ba yanzu. Tun 2022 wurin duba fayiloli yake buɗe folda da yawa a taga ɗaya, kowacce da shafinta a sama, kamar yadda ake yi a Chrome. A da sai in buɗe taga biyar su hau kan juna, in rasa wacce ce ta wasiƙun bara. Sannan idan ka ɗora kibiya a kan maɓallin faɗaɗa taga, ko ka danna maɓallin Windows da Z, zai nuna maka yadda za ka raba allo biyu ko uku ko huɗu. Takardar da nake kwafa a hagu, wadda nake bugawa a dama. Malam mai shago, wannan ka fara koya wa yaranka, domin masu buga aikin ɗalibai sun fi kowa buƙatarsa.

Mai shagon buga takardu, Zariya

Hajiya na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Raba allon nan yanzu na gwada shi, ga shi a gabana. Ɗana na Kano kuma, Allah Ya ƙara basira, ka faɗi abin da nake ji a hannu amma na kasa faɗa da baki.

Malamar firamare, Katsina

Tawa gogewar ba ta wurin aiki ba ce, ta gida ce. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne, ya haura saba'in, kuma yana rubuta tarihin zuriyarmu a kwamfutar da yayana ya saya masa. Sabuwa ce, da Windows 11 ta zo. Kwana uku ya ajiye ta bai taɓa ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Ba na ganin kibiyar, ɓace min take yi." Mu duk mun zaci tsarin ne ya rikita shi, ashe ido ne.

Na zauna kusa da shi muka shiga saitin, sashen da aka ware don masu lalurar gani da ji. Akwai ma'aunin girman rubutu da ake ja daga kashi 100 har 225. Ina ja ina tambayarsa, a 150 ya ce in tsaya. Kibiyar kuma ana iya ƙara mata girma a sauya mata launi, ya zaɓi ruwan ɗorawa, wai ita ce ba ta ɓuya a kan farar takarda. Na nuna masa madubin ƙara girma, maɓallin Windows da alamar tarawa, idan ya gama kuma Windows da Esc. Na rubuta masa su a kwali na liƙa a gefen tebur. Daga ƙarshe na cire duk alamomin da ba ya amfani da su a layin ƙasa, na bar masa uku kacal: Word, foldar rubutunsa, da wurin da yake karanta labarai.

Yanzu bayan sallar asuba yake zama ya yi shafi biyu ko uku. Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk waɗannan gyare-gyaren suna cikin kwamfutar tun ranar da aka buɗe ta daga kwali, mu ne ba mu san mu nema ba. Da a ce tun lokacin kunnawa na farko ake tambayar mutum da manyan haruffa ko yana ganin rubutun nan sosai, da dattawa da yawa ba su ajiye kwamfuta sun ce ba tasu ba ce. Duk wanda yake da tsoho a gida, don Allah ya ba shi rabin awa.

Mai fassara, Abuja

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Malama. Ni damuwata a kowace sabuwar kwamfuta ɗaya ce: ƙ da ɗ da ɓ. Mutane da yawa ba su san Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta ba. A sashen harshe na saiti ake ƙara shi, daga nan maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara suke sauya maka tsakanin Turanci da Hausa. Shi ne abu na farko da na yi da na hau 11.

Idan kuma kana kan kwamfutar wani ba ka son taɓa masa saiti, a cikin Word ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ kuma 0253. Wata dabarar ita ce Windows da V, wanda yake riƙe abubuwa har 25 da ka kwafa, kuma kana iya kafe waɗanda kake so kada su goge. Kafe haruffan uku, manya da ƙanana, shi ke nan. Malam mai shago, ka kula da salon rubutu kuma: wasu ba su da haruffanmu, sai ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya fito a madadinta. Ka duba kafin ka tura firinta, musamman aikin ɗaliban sashen Hausa. Bambancin ƙasa da kasa ba ƙarami ba ne a kundin digiri.

Malamin lakwal, Maradi

Sallama gare ku ƴan uwa na Najeriya. Mu nan namu ya ɗan bambanta. Kwamfutocinmu da Faransanci suke zuwa, madannan kuma tsarin AZERTY ne: A tana inda Q take a naku, Z tana inda W take, M tana bayan L, lambobi ma sai ka riƙe Shift. Da munka samu kwamfutoci na hannu waɗanda sunka biyo ta Kano, sai rubutun jikin madannai ya zama na Turanci, saitin ciki kuma na Faransanci. Yaro ya danna Q ya ga A. Mun yi mako guda a haka kafin mu daidaita saitin da abin da ke rubuce a jikin madannan. Shawarata ga mai koyar da yara, ya bar tsari ɗaya tak a kwamfutar aji, domin yaro kan sauya shi da kuskure bai sani ba. Ga mai fassara kuma, mu muna da harafi na huɗu, ƴ, inda ku kuke rubuta 'y. Lambarsa 01B4.

Mai zanen kati da fosta, Jos

Ku yi haƙuri iyayena, ni zan ɗan saɓa. Allona mai faɗi ne sosai, inci 34. Idan Start yana kusurwar hagu, sai na juya wuya kafin in gan shi. A tsakiya kuwa yana daidai inda idona yake, don haka na bar shi yadda ya zo. Abin da na yaba shi ne an bar wa mutum zaɓi. Na gyara abu ɗaya kawai: na hana layin haɗe tagogin manhaja ɗaya wuri guda, domin in ga sunan kowane zane. Wannan zaɓin bai zo da fitowar farko ta 2021 ba, a 2023 aka dawo da shi.

Mai gyaran kwamfuta, Kano

Alhaji, ban ga wanda ya taɓo tsofaffin nan biyu ba. Windows 11 tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, kuma mafi yawan injinan Intel da suka girmi zubi na takwas ba sa cikin waɗanda ta yarda da su. Irin kwamfutocin da suka cika shagunanmu ke nan. Kada ka yar da su.

Na sa wa mutane da dama Linux Mint, wani tsari ne da ake sawa a madadin Windows, mai fuskar Cinnamon, kuma dalilina shi ne abin da kuke ta faɗa tun sama. Maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu, agogo a dama, danna dama kuma kalmomi a jere. Wanda ya saba da Windows 7 ba ya ɓata. Kyauta ce, Mint 22 da ta fito a 2024 za a ci gaba da kula da ita har 2029, kuma tana da tsarin madannan Hausa. Idan injin ya gaji sosai, akwai ta mai fuskar Xfce da ta fi sauƙin nauyi.

Amma zan gaya maka gaskiya domin kasuwancinka ne. Word ba ya hawa kanta kai tsaye, madadinsa mai suna LibreOffice take zuwa da shi. Yana buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci tebur ko lambar shafi kan ɗan goce. Don haka ka bar aikin kundin ɗalibai a kan sababbin biyu, tsofaffin kuma su riƙe cike fom ta intanet da buga PDF. Kafin ka goge komai, ka kunna ta daga filash ka gwada firintarka da sikana tukuna.

Mai shagon buga takardu, Zariya

Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar muka gwada ɗaya daga cikin tsofaffin ta filash kamar yadda Malam ya ce. Firinta ta amsa nan take, sikana ce ba ta amsa ba tukuna, don haka na dakata da gogewa. Ƙaramin yarona ya zauna a kai ya cike wa mutum biyu fom bai tambaye ni komai ba. Madannan Hausa na ƙara su a sababbin biyu, lambobin haruffan kuma na rubuta a kwali na liƙa a bango kamar yadda Malama ta yi wa Baba, har da na Maradi.

Malam mai gyara, sikanar a jikin firintar take, na'ura ɗaya ce mai aiki biyu. Akwai abin da ake saukewa dabam don ɓangaren sikana, ko in kawo ta Kano ranar Asabar ka duba?